Jackie Robinson: Mutumin Da Ya Karya Dokar Da Ba A Rubuta Ba

Masu bin ƙwallon ƙafa daga cikin masu karatu ba za su manta da abin da ya faru a filin Highbury ranar 13 ga Fabrairun 1999 ba, ranar da Nwankwo Kanu ya fara buga wa Arsenal wasa. Mai tsaron gidan Sheffield United ya fitar da ƙwallo waje da gangan domin a duba wani ɗan wasansu da ya ji rauni. Da aka dawo wasa sai Ray Parlour ya jefa ƙwallon da niyyar mayar musu da abinsu, amma Kanu, da yake baƙon gari makaho ne ko da yana da ido, ya bi ta a guje ya miƙa wa Marc Overmars, shi kuma ya zura ta a raga. Babu wata doka ta littafin alƙalin wasa da aka karya, saboda haka ci ya tabbata. Duk da haka fili ya yamutse, kuma ana tashi Arsene Wenger ya nemi a sake wasan, aka kuwa sake shi.

Abin da Kanu ya taka a wannan rana shi ne abin da ake kira dokar da ba a rubuta ba, wato irin ladabin da 'yan sana'a ke gada daga magabatansu, wanda ba ya cikin kundi, ba ya cikin takardar kwantiragi, amma duk wanda ya saɓa masa sai ya ga canji a fuskokin abokan aikinsa. Na kawo wannan misali ne domin ya zame mana tsani zuwa ga wani wasa da ba mu saba da shi ba, wato besbol na ƙasar Amurka, wanda a ganina babu wasan da ya kai shi tara irin waɗannan dokoki, da kuma rayuwar wani ɗan wasa da ya rasu tun 1972, wanda ya ɗanɗana zaƙinsu da ɗacinsu fiye da kowa. Sunansa Jackie Robinson.

Bari in ɗan yi wa mai karatu bayanin wasan a taƙaice. Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa tara a fili, kuma ana yin zagaye tara. Mai jifa yana tsayawa a tsakiya ya wurgo wata ƙaramar ƙwallo mai tauri kamar dutse, da gudun da yakan wuce kilomita 150 a awa, shi kuma mai bugu yana jiran ta da gora. Idan ya buge ta sai ya zura da gudu ya bi ta kusurwoyi uku ya dawo gida, wato inda ya taso, kuma duk wanda ya dawo gida ba a fitar da shi ba ya ciwo wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Wanda ya buga ƙwallo ta ƙetare katanga yana kewayowa ba mai tare shi. Wanda yake tsaye a kan wata kusurwa kuwa yana iya shammatar mai jifa ya ruga zuwa ta gaba, ana kiran wannan satar kusurwa, kuma doka ta halatta ta.

To, bayan wannan akwai tarin ladubba da ake cusa wa duk matashin da ya shigo sana'ar. Idan ƙungiyarku ta yi wa abokiyar karawa fintinkau kuma wasa ya kusa ƙarewa, ba ka satar kusurwa, domin yin haka cin fuska ne. Idan ka buga ƙwallo ta ƙetare katanga, ba ka tsayawa kana kallon ta kana ƙasaita, sai ka sunkuyar da kai ka kewaye kusurwoyinka, domin kada ka tozarta mai jifa a gaban jama'a. Sabon shiga ba ya yawan magana a ɗakin sauya kaya, kuma abin da aka faɗa a ɗakin ba ya fita waje. Idan faɗa ya ɓarke a fili, kowa sai ya taso, ba a zama a kan benci. Sannan akwai mafi haɗari daga cikinsu, wato idan mai jifan wancan ɓangare ya jefi ɗan'uwanku a jiki, wajibi ne naku mai jifan ya rama a kan wani daga cikinsu. Ba wasa ba ne wannan, domin a watan Agustan 1920 ƙwallon da Carl Mays ya jefa ta sami Ray Chapman na ƙungiyar Cleveland a ka, washegari ya ce ga garinku nan.

Sai dai babbar dokar da ba a rubuta ba a wancan zamani ta wuce duk waɗannan. Ita ce ta hana baƙar fata shiga manyan ƙungiyoyi. A 1884 wani baƙar fata mai suna Moses Fleetwood Walker ya buga wa ƙungiyar Toledo wasa a babban rukuni, daga nan kuma ƙofa ta rufe har fiye da shekara sittin. Babu inda manyan ƙungiyoyin nan goma sha shida suka rubuta wannan hani. Masu ƙungiyoyin sun fahimci juna ne kawai, har ma suna kiran abin yarjejeniyar dattawa. Shugaban wasan na lokacin, Alƙali Kenesaw Mountain Landis, wanda ya riƙe muƙamin daga 1920 har mutuwarsa a 1944, ya fito a 1942 ya bayyana cewa babu wata doka da ta hana kowa ɗaukar baƙar fata, amma ko mutum ɗaya ba a ɗauka ba yana raye. Gwanaye irin su Josh Gibson suka ƙare rayuwarsu a gasar baƙaƙen fata zalla da ake kira Negro Leagues. Wannan ita ce illar doka marar rubutu idan ta zama ta zalunci, domin babu takardar da za ka kai gaban alƙali, kowa sai ya ɗaga kafaɗa ya ce bai san zancen ba.

An haifi Jack Roosevelt Robinson ranar 31 ga Janairun 1919 kusa da garin Cairo na jihar Jojiya, shi ne auta a cikin 'ya'ya biyar na wasu manoma masu noma gonar wani a raba amfani. Yana jariri uban ya yi tafiyarsa ya bar su, uwar mai suna Mallie ta kwashe 'ya'yanta a 1920 ta nufi Pasadena a jihar Kalifoniya, inda ta riƙa aikatau a gidajen fararen fata tana ciyar da su. Gidan gidan 'yan wasa ne, domin yayansa Mack shi ya zo na biyu a tseren mita 200 a gasar Olamfik ta Balin a 1936, Jesse Owens kaɗai ya riga shi. Da Mack ya dawo gida da lambar azurfarsa, aikin da ya samu shi ne sharar titi. Ƙanen ya gani, kuma ya riƙe a zuci.

A 1939 Jackie ya shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, inda ya zama ɗalibi na farko da ya wakilci jami'ar har ya sami lambar yabo a wasanni huɗu, wato besbol da ƙwallon kwando da ƙwallon ƙafa irin ta Amurka da guje-guje da tsalle-tsalle. A 1940 shi ne zakaran dogon tsalle na jami'o'in ƙasar baki ɗaya. Abin mamaki, besbol ne wasan da ya fi rauni a kai a lokacin. A can ya haɗu da Rachel Isum, ɗaliba mai koyon aikin jinya, wadda ya aura a watan Fabrairun 1946.

Akwai wani abu da ya faru da shi a soja wanda dole mai karatu ya sani, in ba haka ba zai yi wa haƙurin mutumin mummunar fahimta. An ɗauke shi soja a 1942, ya zama laftanar a farkon 1943. Ranar 6 ga Yulin 1944, a sansanin Hood da ke jihar Texas, direban wata motar safa ta soja ya umarce shi ya koma kujerun baya inda aka saba tura baƙaƙen fata. Ya ƙi tashi. Aka kira 'yan sandan soja, magana ta yi tsawo, aka gurfanar da shi gaban kotun soja bisa zargin rashin ladabi da ƙin bin umarni, amma a watan Agusta kotun ta wanke shi. Wannan ya faru shekara goma sha ɗaya kafin Rosa Parks ta yi irin wannan tirjiya a Montgomery. Ashe ke nan mutum ne mai zafin zuciya wanda ba ya barin ko-ta-kwana.

Bayan ya bar soja ya shiga ƙungiyar Kansas City Monarchs ta baƙaƙen fata a 1945, a kan albashin dala 400 a wata. A nan idon Branch Rickey, shugaban ƙungiyar Brooklyn Dodgers ta birnin Niyok, ya kai kansa. Rickey yana da dalilai biyu, na tausayi da na kasuwa. Ya sha ba da labarin yadda tun yana matashin koci a wata jami'a a jihar Ohio aka hana wani ɗan wasansa baƙar fata ɗaki a otal, abin ya tsaya masa a rai. Amma kuma ya san akwai ɗimbin gwanaye da ɗimbin 'yan kallo da babu mai cin moriyarsu, kuma ko sisin kwabo bai biya ƙungiyar Monarchs ba da ya ɗauke mata ɗan wasa.

Ranar 28 ga Agustan 1945 suka zauna a ofishin Rickey kimanin awa uku. Dattijon ya riƙa kwaikwayon ma'aikacin otal mai korar baƙo, da ɗan wasa mai zagin uwa da uba, har ya kai wa saurayin naushi a iska, duk domin ya ga yadda zai yi. Robinson ya tambaye shi ko matsoraci yake nema, Rickey ya nuna masa cewa yana neman wanda jarumtakarsa ta kai ya haɗiye ramuwa. Dalilin a fili yake. Da ranar farko ya mayar da naushi ɗaya, da masu adawa sun sami hujjar da suke nema, su ce ga shi nan, dama mun faɗa, a sake rufe ƙofa na wasu shekaru. Robinson ya yi alkawari. Shi ma wannan alkawari ba a rubuta shi a cikin kwantiragin dala 600 a wata da aka ba shi ba.

Aka fara tura shi ƙaramar ƙungiyar Dodgers da ke Montreal a ƙasar Kanada. Ranar 18 ga Afrilun 1946, a wasansa na farko a Jersey City, ya yi nasarar bugu huɗu cikin biyar, ɗaya ta ƙetare katanga. Da ya iso gida, abokin wasansa George Shuba, farar fata, ya miƙa masa hannu suka gaisa kamar yadda ake yi wa kowa, hoton wannan gaisuwa ya shiga tarihi, har an yi masa mutum-mutumi a garin Youngstown a 2021. Dubi yadda ƙaramin ladabi na yau da kullum ya zama babban abu saboda kawai an yi wa wanda aka saba hanawa. A wannan shekara Robinson ya fi kowa iya bugu a rukunin, da nasara 349 a cikin kowane dubu, ƙungiyarsa kuma ta ɗauki kofi.

Da aka ji ƙishin-ƙishin za a hawo da shi babbar ƙungiya a 1947, wasu 'yan wasan Dodgers, akasarinsu mutanen kudancin Amurka, ƙarƙashin Dixie Walker, suka shiga tattara sa hannu a kan ba za su yi wasa da shi ba. Pee Wee Reese, mutumin Kentucky, ya ƙi sa hannu, koci Leo Durocher kuma ya tashe su cikin dare ya wanke su tas, magana ta mutu. Ranar 15 ga Afrilun 1947, a filin Ebbets, gaban 'yan kallo 26,623, Robinson ya fito da riga mai lamba 42 yana da shekara 28, ya tsaya a kusurwar farko a karawa da Boston Braves.

Mako ɗaya bayan nan ƙungiyar Filadelfiya ta zo, kocinta Ben Chapman ya ja ragamar zagi na ƙare dangi daga kan benci, kwana uku a jere. Zolayar abokin karawa al'ada ce a wasan, kuma da ita Chapman ya fake, yana cewa kowane sabon shiga ana yi masa. Amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Robinson ya bayyana daga baya cewa a wannan rana ya fi kusa da karya alkawarinsa. Abin da ya biyo baya shi ne abin da Chapman bai zata ba, domin Eddie Stanky, wanda da farko bai yi maraba da Robinson ba, ya miƙe ya kira su matsorata masu cin zalin wanda aka ɗaure wa hannu. Zagin ya haɗa kan 'yan Dodgers a bayan ɗan'uwansu. Da surutu ya yi yawa aka sa Chapman ya tsaya a ɗauke su hoto tare, suka riƙe gora ɗaya a maimakon musafaha. Sai a 2016 majalisar birnin Filadelfiya ta nemi afuwa a hukumance.

Wahalar ba ta tsaya a baki ba. Sau tara aka jefe shi da ƙwallo a jiki a wannan kaka. Wasiƙun barazanar kisa suka riƙa zuwa, otal-otal suka riƙa juya masa baya. A watan Agusta Enos Slaughter na St. Louis ya taka masa ƙafa da takalmi mai ƙusoshi a kusurwar farko, ko da yake har ya mutu yana musun cewa da gangan ya yi. A cikin wannan ƙunci akwai waɗanda suka nuna halin girma, kamar Hank Greenberg, Bayahude wanda shi ma ya sha zagi saboda asalinsa, wanda bayan sun yi karo a fili ya tambayi lafiyarsa ya kuma ƙarfafa masa gwiwa. Robinson ya mayar da martaninsa duka a kan ƙwallo. Ya gama kakar da nasarar bugu 297 cikin dubu, ya ciwo maki 125, ya saci kusurwa 29 wanda ya fi na kowa a rukuninsu, aka ba shi lambar gwarzon sababbin shiga, wadda a shekarar aka fara bayar da ita. Dodgers ta zama zakarar rukuninta, 'yan kallo fiye da miliyan 1.8 suka shiga filinta. Mako goma sha ɗaya bayan fitowarsa Larry Doby ya shiga ƙungiyar Cleveland, ƙofa ta buɗe ke nan. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

A 1949 Rickey ya kwance masa takunkumi. A shekarar ce ya fi haskakawa, da nasarar bugu 342 cikin dubu da satar kusurwa 37, aka zaɓe shi gwarzon 'yan wasan rukunin. Daga nan ya shiga yin gardama da alƙalan wasa kamar kowa, yana mayar da magana, yana faɗin ra'ayinsa ga 'yan jarida. A 1952 ya faɗa a talabijin cewa shugabannin ƙungiyar Yankees na nuna wariya, kuma lalle ba su saka baƙar fata a wasa ba sai 1955. Nan da nan wasu marubutan da suka yaba masa a kan haƙuri suka koma kiran sa mai girman kai da neman fitina, alhali halin da suke kira jarumtaka ne idan farar fata ya nuna shi. Wannan ya nuna mini cewa da yawa daga masu yabon ladabinsa shirunsa suke so, kuma shirun nan dama na wa'adi ne, an yi shi domin wata manufa, da manufar ta cika ya ƙare.

Abubuwa biyu daga shekarunsa na baya sun isa ɗan wasa matashi ya yi nazari. Na farko ya faru ranar 3 ga Oktoban 1951, a wasan raba gardama tsakanin Dodgers da maƙwabtansu Giants. Dodgers na gaba da 4 da 2 a zagayen ƙarshe, sai Bobby Thomson ya buga ƙwallon Ralph Branca ta ƙetare katanga, wasa ya tashi 5 da 4. Yayin da 'yan'uwansa suka juya suna ficewa cikin baƙin ciki, Robinson ya tsaya cik a wurinsa, hannuwa a ƙugu, yana kallon ƙafafun Thomson har ya tabbatar ya taka kowace kusurwa, domin da ya tsallake ɗaya da akwai damar ƙorafi. Da ya ga komai ya cika, sai ya fita ba tare da hayaniya ba. Ni a wurina wannan shi ne cikar ɗan wasa, ka yi fafutuka har daƙiƙar ƙarshe a cikin doka, in an ci ka kuma ka karɓa. Shekara hamsin bayan haka, a 2001, jaridar Wall Street Journal ta fallasa cewa a rabin ƙarshe na wannan kaka 'yan Giants suna leƙen alamun da mai cafkewa ke yi wa mai jifa da madubin hangen nesa daga wani ɗaki a ƙarshen fili, suna sanarwa ta ƙararrawar lantarki. Gano alamun abokin karawa da ido da basira abu ne da 'yan wasa suka yarda da shi, amma amfani da na'ura ha'inci ne. Dokar rufe bakin ɗakin sauya kaya ce ta ɓoye wannan asiri rabin ƙarni. Irin wannan ha'inci ƙungiyar Houston Astros ta maimaita da kyamara a 2017, aka ci ta tarar dala miliyan 5 a 2020.

Na biyu ba abin yabo ba ne, kuma adalci ya sa in kawo shi. Akwai wani mai jifa na Giants, Sal Maglie, wanda ake yi wa laƙabi da Wanzami saboda yadda ƙwallonsa ke shafar haɓar masu bugu. Ranar 23 ga Afrilun 1955 ya matsa wa 'yan Dodgers da irin wannan jifa, sai Robinson ya ɗauki nauyin ramuwa. Ya ɗan taɓa ƙwallo ta gangara gefen kusurwar farko domin Maglie ya biyo ta shi kuma ya bangaje shi. Maglie ya ƙi zuwa, wani matashi mai suna Davey Williams ne ya rugo ya tsaya a kusurwar, Robinson ya yi ciki da shi da dukan ƙarfinsa. An bar jaki an daki taiki. Williams, wanda bai jefi kowa ba, ya ji ciwo, kuma a wannan shekara ciwon baya ya raba shi da wasa yana da shekara 27. A wasan nan dai Alvin Dark na Giants shi ma ya zo ya bangaji Robinson a kusurwa ta uku, ramuwa a kan ramuwa. Abin ban takaici, shekara na zagayowa Maglie ya dawo Dodgers, suka zama 'yan ɗaki ɗaya da Robinson. Mutumin da ya shanye zagin duniya domin al'ummarsa, ga shi dokar ramuwar gayya ta ja shi ya cutar da wanda ba ruwansa.

A kakar 1955 ɗin ce Dodgers ta ɗauki kofin World Series karo na farko, bayan ta doke Yankees. A wasan farko Robinson, yana da shekara 36, ya shammaci mai jifa ya sato gida daga kusurwa ta uku, alƙali ya ce ya tsira, mai cafkewa Yogi Berra kuwa har ya bar duniya a 2015 bai yarda ba. Sau 19 ya yi irin wannan satar gida a shekaru goma da ya yi a Dodgers, ban da ta wannan rana. A ƙarshen 1956 aka yi musayarsa zuwa Giants, amma ya riga ya yanke shawarar ajiye gora, ya zama mataimakin shugaba a kamfanin kofi na Chock full o'Nuts. Ya yi yawon tara wa ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen fata kuɗi, ya yi tafiya tare da Martin Luther King, ya kuma taimaka wajen kafa bankin Freedom National a unguwar Harlem a 1964. Da za a shigar da shi zauren gwarazan wasan a 1962, ya nemi a auna shi da wasansa kaɗai, saboda haka allon tagullarsa na farko bai ambaci batun launin fata ba, sai a 2008 aka sake shi da yardar iyalinsa.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo da jarrabawa. Ciwon sukari ya ci ƙarfinsa har ya kusa makancewa, babban ɗansa kuma ya rasu a haɗarin mota a watan Yunin 1971 yana da shekara 24. Ranar 15 ga Oktoban 1972 aka karrama shi a filin Cincinnati, inda a maimakon ya tsaya ga godiya ya tunatar da shugabannin wasan cewa har lokacin babu koci baƙar fata ko ɗaya a manyan ƙungiyoyi. Kwana tara bayan nan, ranar 24 ga Oktoba, zuciyarsa ta buga a gidansa da ke Stamford, yana da shekara 53. Bai ga cikar burinsa ba, domin sai a 1975 Frank Robinson ya zama kocin Cleveland. A 1997 aka jingine lamba 42 a dukan manyan ƙungiyoyi, kuma tun 2009 duk ranar 15 ga Afrilu kowane ɗan wasa ita yake sakawa. Matarsa Rachel ta kafa gidauniyar tallafa wa ɗalibai da sunansa a 1973, kuma tana da shekara 100 ta halarci buɗe gidan tarihinsa a Niyok a 2022.

Har yau ba a daina jayayya a kan waɗannan ladubba ba. A watan Agustan 2020 Fernando Tatis ƙarami na San Diego, yana da shekara 21, ya buga ƙwallo ta ƙetare katanga alhali ƙungiyarsa na gaba da maki bakwai, a kan wata jifa da al'ada ta ce a ƙyale ta ta wuce. Abokan karawa suka fusata suka wurga wa na bayansa ƙwallo ta bayan jiki, yaron kuma ya fito yana ba da haƙuri a kan ya yi aikin da ake biyan sa ya yi. Da yawa daga tsofaffin 'yan wasa suka ce bai yi laifin komai ba.

To, wace doka matashi zai bi, wace zai bari? Abin da na tsinta daga rayuwar Robinson shi ne, kafin ka bi kowace al'adar sana'a ka tambayi kanka wa take karewa. Idan tana kare mutuncin wanda aka kayar, ko lafiyar wanda ya ji rauni, ko amincin wasan kansa, riƙe ta da hannu biyu ko da babu alƙalin da zai hukunta ka, irin riƙon da Shuba da Greenberg suka yi. Idan tana kare girman kan manya ne kawai, ana iya bin ta don zaman lafiya, amma ba ta cancanci a jefi ɗan mutum da ƙwallo mai gudun kilomita 150 ba, kuma labarin Davey Williams ya isa gargaɗi. Idan kuwa tana rufa wa ha'inci asiri, ko tana tare wa wani hanyar abinci saboda launinsa ko asalinsa, to wannan karya ta shi ne ladabi, ko da dattawa ne suka ƙulla ta. Nauyin bambancewa bai rataya a wuyan matasa kaɗai ba. Manyan da ke koya wa yaro sunkuyar da kai su ne ya kamata su fara tace abin da suka gada, domin shekara sittin da aka yi ana hana irin su Josh Gibson shiga fili, masu hanawar duk suna ganin kansu mutane ne masu kiyaye al'ada.